Dabo Mai Siracen Kwamfuta

Wallahi tallahi da idon nan nawa na gani, ba wani ne ya ba ni labari ba! Ina zaune a gindin marke, tsakanina da abin bai kai tsawon tabarmar nan ba. Duk wanda ya ce ƙarya nake, ga hanya nan, ya je Marke Biyu, nan bayan Dawakin Tofa, ya tambaya. Har akuyoyin garin sun san zancen, don da ɗayarsu aka yi. Ku dai ku gyara zama.

Akwai wani mutumin garinmu, Dabo. Ba mugu ba ne, sai dai Allah ya ba shi baki ya hana shi birki. Shi ne ya taɓa kiwon kifi a randa, wai zai kashe kasuwar masuntan dam ɗin Watari, kifayen suka ƙare a cikin kyanwar maƙwabta. Matarsa ta gaji da kallon ikon Allah, ta tattara kwanukanta ta koma gidansu, ya zauna gwauro, daga shi sai jakin da yake ɗibar taki da shi.

To sai ya ƙyalla ido ya ga Asiya, bazawara mai waina a bakin kasuwa, 'yar Baba Nata'ala. Wainar Asiya in ka ci ɗaya sai ka manta sunan kakarka. Kuma ba Dabo kaɗai ke so ba, Khalilu wanzami ma yana ciki. Kullum yana tsugune kusa da tandarta yana wasa aska, sai ka ce duk garin nan ne kaɗai ake da dutse.

Dabo ya sa rigar Juma'a ya je gaishe da Baba Nata'ala. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Dabo, 'yata ba yarinya ba ce, ita za ta zaɓa. Amma ni ba na karɓar gaisuwar mutumin da in an tambaye ni sana'ar surukina sai in hau ƙiftawar ido. Khalilu wanzami ne, kowa ya sani. Kai mene ne?"

"Baba, ni ai komai ne."

"To je ka zama abu ɗaya. Kafin ruwan fari ya sauka in ji sunan sana'arka. In ba haka ba, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofar zauren nan."

Dabo ya fito kai ya yi masa nauyi. Ya biya gidan ƙanwarsa ya sha fura, sai ya tarar da 'yarta Ikilima ta zo hutu. Ikilima tana karatun gwajin jini ne a jami'a, a Kano. Tana tsince shinkafa tana ba uwarta labarin makaranta, Dabo ya kasa kunne.

"Kin ga Inna, kowace ƙwayar cuta tana da nata zanen halitta, kamar yadda kowane gida ke da tsagensa a fuska. Di-en-e ake ce masa. To a cikin digon jini ɗan mitsitsi ne, ido ba ya gani. Sai a sa jinin a 'yar kwalba, a ɗumama, a sanyaya, a ɗumama, a sanyaya, har ya yi yawan da za a gane shi. Injin da ke wannan aiki tsada gare shi, asibitin ƙauye ba ya iya saye. Shi ne wasu masana suka ce, ai kwamfuta in ta sha aiki zafi take yi, tana hurar da shi ta baya a banza. Suka jera 'yan kwalaben a daidai inda zafin ke fita."

Dabo ya ajiye ludayi. "Tsaya, 'yar nan. Zafin da kwamfuta ke zubarwa?"

"Shi fa, Kawu."

"Na banzan nan? Shi ke gano cuta?"

"Shi ke taimakawa. Amma sai an haɗa da sinadarai, kuma sai wanda ya..."

Ina! Dabo ya riga ya kai ƙofar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Washegari ya kora jakinsa sai Bacirawa, can Kano, shagon wani mai gyaran kwamfuta ana ce masa Hadi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Wacce ta fi zafi a shagon nan?"

Hadi ya ce, "Malam, mutane wadda ba ta zafi suke nema."

"Mutane ba su sani ba."

Hadi ya tashi daga kan abin da yake zaune. Ashe wata tsohuwar kwamfuta ce ya mayar kujera, irin mai akwati daban talabijin daban. Ya ce, "Wannan, ko ƙwai ka ɗora mata sai ya dahu. Akwai bidiyon dambe a cikinta, ka kunna mata shi ka ga yadda za ta ɗau wuta."

Aka yi musaya, jaki ya tsaya a Bacirawa, kwamfuta ta kama hanyar Marke Biyu. To da yake babu jakin, Dabo ne ya zama jakin. Ya naɗa gammo ya ɗora akwatin a ka, talabijin ɗin kuma ya goya a baya da rawaninsa. Da ya shigo gari, matan bakin rijiya suka saki guga.

"Barka da arziki, Dabo! Mace ko namiji?"

"Yaushe ne suna?"

"Kai, jaririn nan da ƙaton kai yake, ubansa ya biyo!"

Dabo ya ce, "Ku yi dariya da kyau. Gobe da layi za ku gan ni."

Ya aro janareta a gidan kallon ƙwallo, ya kafa tebur a gindin marke, daidai inda Asiya za ta riƙa hango shi in ta ɗago daga tanda. Ya kunna. Abu ya yi gurnani, 'yan dambe suka bayyana, iska mai zafi ta fara fita ta bayan akwatin. Dabo ya kara tafin hannu, ya ji ɗumi, ya yi kabbara.

"Jama'a! Zamanin tafiya birni gwajin jini ya wuce! Ga Dakta Dabo, ga na'ura! Digon jini ɗaya tak, in gaya maka abin da ke cinka!"

Wata tsohuwa ta ce, "Jinina? In ba akwatin Nasara ya sha, gobe a wayi gari na zama kuɗi a ɗakin wani? Allah ya kiyashe ni!"

Nan kowa ya soke hannu a aljihu. Dabo ya juya wajen Khalilu ya ce, "Wanzami, ara mini aska in tsaga kaina su gani."

Khalilu ya ce, "Askata ba ta zuwa ƙodago. In dai jini kake so, ka jira masu garin su gane ka, za ka ga naka."

Dabo ya zauna ya dafe kai. Ga na'ura, ga zafi yana zubewa a banza, babu jini. Can sai ya zabura ya buga cinya.

"Kai, ni ma dai! Shi digon jinin nan mene ne? Ai ɗan aike ne. Mutum ne ya aiko shi. To Hausawa me suka ce? Zuwa da kai ya fi aike! Su masanan kwalba suke ɗumamawa don ba su da mutumin a kusa. Ni kuwa ga mutum gaba ɗayansa, da jininsa duka a ciki, ko digo bai zube ba!"

Wani ya ce, "To yaya za ka sa mutum a kwalba?"

"Wa ya ce kwalba? Ba ka taɓa sirace ba? Uwarka ba ta taɓa lulluɓe ka da tukunyar darbejiya ba? To maimakon tukunya, ga kwamfuta. A kawo bargo!"

Kun san fa bazara ake ciki, irin ranar nan da ƙadangare ke tafiya da ɗage ƙafa. Wanda ya fara miƙa kansa shi ne Shafi'i mahauci, wani ƙato mai fama da ciwon baya. Aka zaunar da shi gaban tebur, aka rufe shi ruf da bargo, shi da kwamfutar.

"Shafi'i, me kake ji?"

"Zafi!"

"Alhamdulillahi, aiki ya fara. Yanzu fa?"

"Zafi, Dabo, zafi!"

Dabo ya yaye bargon, ya kamfato ruwan randa a ƙwarya ya sheƙa masa a ka. Shafi'i ya yi wata ƙara da ta tashi kurciyoyin kan marke.

"Wannan shi ne sanyayawa. Koma!"

Haka aka yi ta yi, a rufe, a buɗe, a sheƙa, a rufe. Can Dabo ya kama bargo zai yaye, ya ji an riƙe gam daga ciki.

"Shafi'i, fito, lokacin sanyi ya yi."

"Bari a yi kisa tukuna! Ɗan Arewan nan ya kusa kai shi ƙasa!"

Sai da aka yi kisan ya fito, ya yi sharkaf kamar an tsamo shi daga kududdufi. Dabo ya yarce gumin goshinsa a kofin shayi, ya ɗaga kofin a gaban talabijin, ya kanne ido ɗaya, ya girgiza kai a hankali.

"Basir ne."

Jama'a suka ce, "Allahu akbar!"

Khalilu ya ce, "A garin nan ko jinjiri ka ce yana da basir ai ba ka yi ƙarya ba."

Shafi'i ya miƙe ya yi miƙa, bayansa ya yi ƙas. Ya ce, "Wallahi kuwa na ji sakayau."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Kafin mako ya zagayo layin Dabo ya kai har rumfar masu tumatir. Rabin masu layin lafiyarsu ƙalau, dambe suke son gani. Da layi ya yi yawa ya fara sa mutum biyu-biyu a bargo ɗaya. Ranar nan aka yi rashin sa'a aka haɗa mai goyon bayan Kudu da mai goyon bayan Arewa. Sai gani muka yi bargo yana tashi yana faɗuwa, ana jin tim, tim, ana ashar.

Dabo ya ce, "Kada wanda ya taɓa! Cutar ce ke fita!"

Suka fito ɗaya da kumburarren ido, ɗaya babu haƙorin gaba. Dabo ya duba kofi ya ce duk su biyun basir ne, amma na mai idon ya hau sama.

Wani ya kawo akuyarsa mai zawo. Aka lulluɓe ta, ta yi shiru, Dabo ya ce kun ga dabba ta fi mutum haƙuri. Da aka yaye, ashe gefen bargon take ci, ta kusa kai tsakiya. Ita ma basir. Wani kurma ya shiga, Dabo ya yi ta kiran ya fito bai ji ba, sai da aka jawo shi ta ƙafa. Shi kam ciwon shawara aka ce, don kada mutane su ce na'urar cuta ɗaya ta sani.

Ana haka rannan Asiya ta aiko wa Dabo da waina a kwano, an barbaɗe ta da ƙuli har ba a ganin wainar. Dabo ya ci a tsaye, a gaban Khalilu, yana lasar yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wanzami, bismilla."

"Na ƙoshi."

"Ai na ga alama. Ka zo in duba ka, fuskar nan taka akwai abin da ke cinta."

Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma, manoma sun fara gyaran garma. Ranar Talata, ranar kasuwa, gari ya cika maƙil, sai ga Baba Nata'ala da kansa yana dogara sanda, yana tari ƙuhul-ƙuhul. Jama'a suka dare. Ya tsaya gaban tebur.

"Dabo, an ce ka zama abu ɗaya."

Dabo ya zube ƙasa. "Da albarkarka, Baba."

"Tarin nan ya hana ni sakat. Khalilu ya yi mini ƙaho, sai ma abin ya ƙaru. In akwatin nan naka ya gano mini abin da ke damuna a gaban mutanen nan, na karɓi gaisuwarka."

Dabo ya waiga. Asiya ta tsaya da juya waina tana kallo. Kan Dabo ya kumbura, hularsa ta kusa tsagewa. Ya ce a ransa, suruki ai ba a yi masa irin na kowa.

Ya zagaya bayan akwatin, ya ga ramukan da iska ke fita, ya ce, "Ashe nan zafin ke zurarewa! Shi ya sa aikin ke jan lokaci." Ya samo tsumma ya cusa ya toshe su tam. Ya zaunar da tsohon a kujera. Ya rufa bargo, ya ƙara wani bargon, ya ƙara buhun taki, ya ɗauko akumarin jakinsa da ya rage masa ya ɗora a sama don kada iska ta ɗaga. Sannan ya tsallaka wajen Asiya.

"Ɗan sam mini garwashi a kaskonki."

"Malam Dabo, me za ka yi da wuta?"

"Sirrin aiki ne. Na manya daban yake."

Ya tura kaskon ƙarƙashin kujerar tsohon, ya ƙure ƙarar dambe.

"Baba, me kake ji?"

Daga can ciki aka ce, "Ɗumi."

"Ɗumi kawai? Kun ji jinin manya! A ƙara masa lokaci."

Daidai nan ɗan acaɓa ya sauke Ikilima a bakin kasuwa, ta dawo daga Kano da jakarta a kafaɗa. Ta ga taro, ta ga tulin barguna da akumari a sama, ta ga kawunta yana zagaya shi yana hura hanci. Da Dabo ya yi shiru da ya tsira. Amma na gaya muku ba shi da birki.

"Yauwa! Ga 'yar jami'a ta zo! Ikilima, matso nan. Akwai masu baƙin ciki a garin nan, wasu ma da aska a hannunsu, suna cewa aikina ba na ilimi ba ne. Gaya musu da bakinki. Ba ke kika ce zafin kwamfuta na gano cuta ba?"

Ikilima ta ce, "Kawu, me ke cikin bargon nan?"

"Bar wannan. A ɗumama, a sanyaya, ba haka kika ce ba?"

"Na ce, amma digon jini na ce, a cikin 'yar kwalba, da sinadarai. Kuma zafin ba shi ke faɗin cutar ba. Hayayyafa zanenta yake yi. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, duk zagaye ya ninka, har ya kai miliyoyi, sannan a iya gani."

 

Khalilu ya ninke askarsa a hankali, ya miƙe, ya gyara riga. "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Kunnena ne ba shi da kyau. Me kika ce yana kaiwa?"

"Miliyoyi. Amma a kwalba ne, ba..."

"Jama'a, kun ji da kunnenku! Duk zagaye ya ninka! Wanda ya shiga bargon nan da basir ɗaya, sai ya lissafa da nawa ya fito!"

Shafi'i mahauci ya yi wurgi da wuƙarsa. "Ni fa kullum sai na shiga! Jiya ma har aka canja 'yan dambe ina ciki!" Ya dafe ƙugu da hannu biyu, ya durƙushe. "Wayyo, ga su nan! Wallahi ina jin su suna motsi!"

Kai, malam, ka ga tashin hankali! Mutanen da suka zo kasuwa da ƙafarsu garau sai ga su suna zubewa kamar ɗanyen gini. Mai kumburarren idon nan ya ce dama shi ya san ba naushi ba ne. Mai akuya ya rungume akuyarsa yana kuka. Ikilima tana ta ɗaga murya, "Ba haka ba ne! Babu abin da ya hayayyafa, gumi kawai kuka yi!" Wa zai ji ta? Kurman nan kaɗai ne ke kallon bakinta yana gyaɗa kai.

Aka yi wa Dabo zobe.

"Dabo, ka mayar mana da cutarmu yadda muka kawo ta!"

"Ni basir ɗaya tak na zo da shi, na gado, shi nake so a ba ni!"

"Ni ma ba ni da komai, dambe na zo gani!"

Khalilu ya ce, "To babu ɗin ma an ninka maka ita."

Dabo ya haye kan turmi, ya ɗaga hannu. "Ku kwantar da hankalinku! Abin da ya ninka ai yana raguwa. Baya-baya za mu yi. A fara da sanyi a ƙare da zafi, huɗu su koma biyu, biyu su koma ɗaya. Ku yi layi, na yau kyauta ne!"

Wani ya jefe shi da tumatir, ya same shi a goshi.

Ana cikin wannan Shafi'i, yana kwance a ƙasa, ya ɗaga hanci ya shinshina. Mahauci ai ba ya ɓatan wannan ƙauri. Ya ce, "Wai wa ke babbaka ne a kasuwar nan ban sani ba?"

Sai a lokacin muka ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin akumari, "Dabo... lokacin sanyin bai yi ba?"

Asiya ta saki cokalin waina. "Babana!"

Kafin wani ya kai hannu, sai ji muka yi fus, ɗau! Janareta ya yi tari ya mutu. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe. Tulin barguna ya miƙe tsaye da kansa, ya yi ƙafafu, ya zura a guje. Tsohon nan da ba ya taku uku sai da sanda, wallahi ya tsallake buhun albasa, ya tsallake mai albasar, akumari a gadon bayansa, bargo na hayaƙi a bayansa kamar jela. Karnukan kasuwa suka bi shi, ba su kamo shi ba. Bai tsaya ko'ina ba sai bakin rijiya, ya faɗa kwamin da shanu ke shan ruwa, ruwan ya yi cuuu.

Akwatin kwamfuta kuwa ya faɗo daga tebur, murfinsa ya ɓalle. Sai ga ƙadangaru suna fitowa. Jama'a, ƙadangaru! Ja, baƙi, mai jan kai, mai guntun bindi, suna ta ɓulɓulowa kamar an fasa rumbu, sun rufe ƙasa, sun hau marke, sun shiga kwandon tumatir, wasu sun shige wandon Khalilu.

Dabo ya daka tsalle daga kan turmi, tumatir na zuba a fuskarsa. "Kun gani! Kun gani ko! Guda ɗaya na ga ya shiga shekaranjiya! Ɗaya tak! Wa ya ce na'urata ba ta aiki?"

Ai kuwa sai ihu ya ninka na farko. Shafi'i ya dubi ƙadangarun nan, ya dubi cikinsa, ya suma.

Muka ɗunguma bakin rijiya. Baba Nata'ala na zaune a kwami, ruwa iya wuya, gemunsa ɓari ɗaya ya tafi, ɓari ɗaya na nan. Wani sa ya tsaya a gefe yana jira a ba shi wuri. Asiya tana yi wa uban firfita da faifai. Dabo ya ratso jama'a, ya tsuguna, ya cire hula.

"Sannu Baba. Ka lura kuwa tunda ka fito ba ka yi tari ba?"

Tsohon ya dube shi da jajayen idanu.

"Kuma an gano abin. Ba wani abu ba ne, bas..."

"In ka ƙarasa kalmar nan sai na nutsar da kai a nan."

Dabo ya haɗiye sauran. Ya ɗan murza hula, ya matso. "To Baba... maganar gaisuwar fa?"

Wallahi haka ya ce! Mutane suka riƙe baki.

Baba Nata'ala ya shafa inda gemu yake a da. Ya ce, "Sana'a dai ka samu, ba zan yi maka ƙarya ba. Duk wanda ya tambaye ni zan ce babbaka kake yi. Sauran magana, ga mai ita nan, tambaye ta."

Dabo ya juya wajen Asiya, ya yi murmushi, ƙwayar tumatir a kan girarsa.

Asiya ta ajiye faifai, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Malam Dabo, mutumin da ya gasa suruki tun ba a ɗaura ba, in an ɗaura ni soya ni zai yi. Kuma da garwashina! Ka dawo mini da kaskona, ka dawo mini da kwanon wainata, kada ka bari inuwarka ta ƙara giftawa ta gaban tandata."

Khalilu ya matso yana washe baki, yana kakkaɓe ƙadangare daga wando. Ta juyo kansa.

"Kai kuma rufe mini baki. Kana can kana wa'azin miliyoyi ubana na dahuwa. Zo ka daidaita masa gemun nan, shi ne kaɗai amfaninka a wurina."

Haka Dabo ya tattara gawar kwamfutarsa, ya ɗora akumari a kansa, ya bi ta bayan gari. Ba jaki, ba mata, ga mai bargo na binsa a baya yana tambayar wa zai biya shi.

Duk abin nan da na gaya muku haka aka yi, ko a gaban alƙali zan maimaita. Sai dai abu ɗaya, tunda na ga limamin can yana hararata. Ƙadangarun nan, tsakani da Allah guda biyu ne suka fito, ɗayan ma da ɗingishi. Sauran ni na hayayyafa su, da zafin bakina.